RUBUTU BA DA HANNU BA: Bayani ga Hakimai da Malamansu

An buga wannan ɗan littafi domin Hakimai, da malaman da ke aiki a ofisoshinsu, su sami bayani a kan wani al'amari da ya shafi waɗansu daga cikin talakawansu. Al'amarin kuwa shi ne yadda mutumin da hannuwansa ba su aiki zai iya yin rubutu da lissafi da aika wasiƙa da kwamfuta.

Babu gundumar da za a rasa irin waɗannan mutane a cikinta. Akwai wanda ya faɗi da babur, ko ya faɗo daga bisa itace, wuyansa ya karye har laka ta taɓu. Akwai wanda hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki. Akwai wanda kuturta ta ci yatsunsa, da wanda injin niƙa ya tafi da hannunsa, da kuma yaron da aka haifa gaɓoɓinsa ba su bin abin da ya ke so. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 1,300 ne ke fama da wata babbar naƙasa, watau kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne aikin alƙalami ya koma kan kwamfuta. Tun daga shekarar 2015 da kwamfuta kaɗai a ke rubuta jarrabawar JAMB ta shiga jami'a. Takardun neman aiki da yawa, da harkar banki, da wasiƙun ofis, duk ta nan su ke bi. Sabo da haka wanda ba ya iya taɓa madannai an rufe masa ƙofofi masu yawa, ko da kuwa ya fi kowa basira a garinsu. Hausawa sun ce ba naƙasasshe sai kasasshe. Dabarun da za a bayyana a nan su ne ke gaskata wannan magana a ofis.

ASALIN DABARAR

Kwamfuta ba ta san hannu ba, alama kaɗai ta ke karɓa. Idan mutum ya danna harafi, wata 'yar alama ce ta lantarki ta ke shiga cikinta. Idan ya tura linzami, alama ce ta ke gaya mata ta kai kibiyar da ke kan allo gabas ko yamma, sama ko ƙasa. Ko da me aka aiko alamar, duk ɗaya ne a wurinta.

To, tun da haka ne, ko wace gaɓa da mutum ke iya motsawa a lokacin da ya so, ya kuma tsai da ita a lokacin da ya so, ta isa ta tsaya a madadin hannu. Harshe, da leɓe, da ido, da kunci, da babban yatsan ƙafa, har da numfashi, duka an yi aiki da su. Wannan shi ne tushen maganar duka, kuma shi ya kamata Hakimi ya riƙe ko da ya manta da sauran.

Dabarar ta girmi irin kwamfutar da a ke gani a ofis yau. A Ingila akwai wani asibiti a Stoke Mandeville, inda Likita Ludwig Guttmann ya buɗe sashen masu ciwon laka a shekarar 1944. Wani mai kai ziyara asibitin, Reg Maling, ya lura majiyyatan da jikinsu ya mutu daga wuya zuwa ƙasa su kan busa usur in suna son kiran ma'aikata. Sai ya yi tunani, numfashin da ya isa busa usur ai ya isa wani aikin. A shekarar 1960 ya haɗa wata na'ura wadda majiyyaci zai sa bututu a baki, ya riƙa zuƙa yana hurawa, keken rubutu na lantarki yana buga haruffa. Aka sa mata suna Possum, ma'anarsa da harshen Latin "ina iyawa".

HANYA TA FARKO: SANDA

Wadda ta fi sauƙi da araha ita ce 'yar sanda da mutum zai riƙe da haƙora, ko a ɗaura masa a goshi, ko a dungulmin hannu, ya riƙa danna haruffa ɗaya bayan ɗaya. A kan sa roba a bakinta don kada ta zame. Wahalarta ita ce waɗansu alamu sai an danna madannai biyu tare, mai sanda ɗaya kuwa ba shi da ikon haka. An yi maganin wannan a cikin kwamfuta kanta. A mai Windows, in aka danna maɓallin Shift sau 5 a jere, za ta yarda a riƙa danna madannan bi da bi, ita kuma ta lissafa su kamar an danna tare. Wanda ƙafafunsa ke da lafiya kuma ya kan ajiye madannai da babban linzami a ƙasa, ya yi aiki da yatsun ƙafa.

HANYA TA BIYU: MURYA

Wanda bakinsa ke fita sosai yana iya yi wa kwamfuta shifta, kamar yadda Hakimi ke yi wa malaminsa. Kamfanin Dragon na Amurka ya fitar da irin wannan manhaja a shekarar 1990, amma a lokacin sai mutum ya faɗi kalma, ya dakata, sa'an nan ya faɗi ta gaba. A shekarar 1997 suka fitar da wadda ke bin magana yadda ta ke gudana.

Yanzu ba sai an saya dabam ba. Google ya fitar da Voice Access domin wayoyin Android a shekarar 2018, Apple ya sa Voice Control a cikin kwamfutocinsa da wayoyinsa a 2019, Microsoft kuma ya sa irinta a Windows 11 a 2022. Bayan shifta, suna karɓar umurni. Mutum ya kan ce a nuna lambobi, sai ko wane abu da ke kan allo ya sami lamba a gefensa. In ya faɗi lambar, kamar ya danna wurin ke nan.

Akwai abu biyu da za a kula da su. Na ɗaya, harshe. A watan Oktoba na 2024 Google ya ƙara Hausa cikin harsunan da wayar Android ke iya rubutawa daga murya, amma umurnin sarrafa na'urar galibi da Turanci ne ko Faransanci ko wani babban harshen ƙetare, sai mutum ya haddace su. Sunayen ƙauyuka da na mutane kuma na'ura ta kan ɓata su, lalle ne a sake dubawa. Na biyu, asiri. Abin da aka faɗa da baki duk wanda ke zaure ya ji shi, kuma waɗansu manhajojin su kan aika da muryar ta intanet zuwa na'urorin kamfani kafin rubutun ya dawo. Wasiƙar da ta shafi shari'a ko gado ko rikicin gona ba a yin shiftarta a bainar jama'a.

HANYA TA UKU: MOTSIN KAI

Wanda wuyansa ke juyawa yana iya jan kibiya da kansa. A wata irin, a kan manna ɗan ɗigo mai ƙyalli a goshi ko a jikin tabarau, wata 'yar na'ura a bisa allo tana bin sa. A wata irin kuma kyamarar kwamfuta ce ke bin hancin mutum ko wani wuri a fuskarsa. In ya karkata dama kibiya ta yi dama, in ya sunkuya ta yi ƙasa. Malaman Kwalejin Boston ta Amurka sun ƙirƙiro wata mai suna Camera Mouse, suka sake ta kyauta a shekarar 2007.

Dannawa kuwa da dakatawa a ke yinta. In kibiya ta tsaya a wuri ɗaya kamar daƙiƙa guda, kwamfuta ta ɗauka an danna. Domin rubutu, a kan fito da hoton madannai a kan allo, mutum ya riƙa kai kibiya kan harafin da ya ke so. Sababbin manhajoji suna gane motsin fuska, har a tsara buɗe baki ya zama danna, ɗaga gira ya zama koma baya. Wayoyin Android sun sami wannan a shekarar 2021.

HANYA TA HUƊU: IDO

Akwai cututtukan da su kan kashe jiki duka, har wuya da harshe, amma su bar ido da hankali. Domin masu irin wannan a ke yin na'urar bin ido. Siririya ce, a kan maƙala ta a ƙarƙashin allo. Tana fitar da wani haske da idon mutum ba ya gani, hasken ya yi ɗan ƙyalli a kan ƙwayar ido, kyamara ta riƙa ɗaukar hoton ƙyallin da na baƙin ido sau da yawa cikin ko wace daƙiƙa. Daga tazarar da ke tsakaninsu ta ke lissafa inda mutum ya ke kallo. Kafin a fara sai an gwada ta da idon mai ita: ɗigo ya riƙa bayyana a wurare dabam dabam, shi kuma yana bin sa da kallo, har na'urar ta san idonsa.

Kamfanin Tobii na ƙasar Siwidin, wanda aka kafa a shekarar 2001, yana cikin manyan masu ƙera ta. A shekarar 2014 wani tsohon ɗan wasan ƙwallon Amurka mai suna Steve Gleason, wanda cutar jijiyoyi ta kwantar, ya nemi ma'aikatan Microsoft su yi wani abu domin irinsa. Daga wannan aiki ne Windows 10 ta sami sarrafawa da ido a shekarar 2017. Apple kuma ya sa ta a iPhone da iPad a 2024, da kyamarar gaba kaɗai, ba tare da ƙarin na'ura ba.

Wannan hanya ta fi sauran tsada in za a sayi na'ura ta musamman. Hasken rana mai ƙarfi yana rikita ta, don haka a ɗaki a ke aiki da ita, nesa da taga. Ido kuma ya kan gaji, sai an riƙa hutawa.

HANYA TA BIYAR: MAKUNNI GUDA

Wanda ba shi da komai sai motsi ɗaya tak, shi ma ba a bar shi ba. A kan sa masa makunni guda a inda motsin ya ke, ko a haɓa, ko a gwiwa, ko bututun zuƙa da hurawa irin na Stoke Mandeville. Haruffa suna jere a kan allo layi layi, wani haske yana bin layukan daga sama zuwa ƙasa. In ya iso layin da harafin ya ke, mutum ya taɓa makunni. Sai hasken ya shiga bin haruffan layin ɗaya ɗaya, in ya iso wanda a ke so ya sake taɓawa. Waɗansu kuma su kan yi aiki da alamun Morse, irin na wayar tangaraho, ɗigo da ja. Google ya sa waɗannan alamu a madannan waya na Gboard a shekarar 2018.

Mashahurin wanda ya rayu da wannan hanya shi ne Shehun Malami Stephen Hawking na Jami'ar Kambirij a Ingila. An haife shi a shekarar 1942. Yana da shekara 21, a 1963, likitoci suka gano yana da cutar da ke kashe jijiyoyin motsi. A 1985 ciwon huhu ya kama shi, aka huda masa maƙogwaro don ya yi numfashi, muryarsa ta tafi ke nan. Aka ba shi wata manhaja da ya ke zaɓen kalmomi da ɗan makunni a hannu, yana samun kamar kalma 15 a minti, na'ura kuma tana furta su. Da haka ya ƙarasa littafinsa a kan tarihin lokaci da sararin samaniya, wanda ya fito a 1988. Daga baya hannun ma ya mutu, sai aka maƙala wata 'yar na'ura a jikin tabaransa mai gane motsin kunci. Aikin ya ragu ƙwarai, wani lokaci kalma ɗaya a minti, har kamfanin Intel ya gyara masa manhajar ta riƙa cankar kalmar da zai faɗa daga haruffan farko. A 2015 Intel ya saki wannan manhaja kyauta ga kowa. Hawking ya riƙe kujerar babban malamin lissafi a Kambirij daga 1979 zuwa 2009, ya rasu a 2018. Sannu ba ta hana zuwa.

ABIN DA A KE GWADAWA

Likitoci suna gwada ɗauko alamar daga ƙwaƙwalwa kanta. A shekarar 2004 aka dasa wa wani Ba'amurke mai suna Matthew Nagle wata 'yar na'ura a ka, ya motsa kibiya da niyyar motsa hannunsa kawai. A watan Janairu na 2024 kamfanin Neuralink ya yi wa Noland Arbaugh irin wannan dashe, har ya yi wasan dara irin na Turawa a kwamfuta. Wannan sai an yi fiɗa a kai, kuma gwaji ne na likitoci a kan mutane ƙalilan. An ambace shi ne don kada wani ɗan damfara ya zo gunduma ya ce yana sayar da shi.

YADDA A KE ZAƁE

Ba a fara da sayen na'ura. A kan fara da duba mutumin, a ga wace gaɓa ce ya ke iya motsawa ba tare da gajiya da sauri ba. Mai kyakkyawar murya ya fara da murya. Wanda maganarsa ba ta fita amma wuyansa na juyawa ya gwada motsin kai. Ido da makunni guda su ne na wanda sauran suka gagara. Da yawa su kan haɗa biyu, su yi shifta da baki su ja kibiya da kai.

Ya kamata kuma a gwada abin da ke cikin na'urar tukuna, gama yawancin kwamfutoci da wayoyin zamani sun zo da waɗannan dabaru a ciki, a sashen saiti na masu bukata ta musamman. Sau da yawa wayar da ke gidan ta isa a fara da ita. In cutar mai ƙaruwa ce, a koya wa mutum hanya ta gaba tun yana da ƙarfi. Shawarar likita da ta ma'aikatan sashen motsa gaɓoɓi tana da amfani ƙwarai, kuma ana samunsu a manyan asibitoci kamar Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika.

Akwai waɗansu ƙananan abubuwa da su kan ɓata aikin in ba a kula ba. Allon ya tsaya daidai da fuska, a kan abin da ba ya girgiza. A riƙa share ƙurar hunturu daga idon kyamara. A riƙa wanke bututu da sandar baki kullum, kuma kada mutum biyu su yi tarayya a kansu. Inda wutar lantarki ba ta tsayawa a tanadi batir ko faifan hasken rana, gama ga wanda da na'ura ya ke magana ɗaukewar wuta daidai ta ke da rufe masa baki. Wanda jikinsa ba ya ji kuma a riƙa gyara masa zama a kai a kai, don kada gyambo ya fito masa a mazaunai.

ABIN DA DOKA TA CE

A watan Janairu na 2019 Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu, aka kuma kafa Hukumar Naƙasassu ta Ƙasa a shekarar 2020. Dokar ta ce ma'aikatun gwamnati su yi iyakar ƙoƙari su ba naƙasassu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Mutumin da aka kama da laifin nuna bambanci za a ci shi tarar Naira 100,000, ko ɗaurin wata 6, ko duka biyu. Kamfani kuwa tararsa Naira 1,000,000 ce. Amma doka ba ta cika gurbi da kanta. Sai an sami wanda ya iya aikin, sa'an nan a ce a ba shi.

ABIN DA A KE BUKATA DAGA HAKIMAI DA MALAMANSU

1. Hakimi ya umurci Dagatai da masu unguwa su kawo sunayen waɗanda hannuwansu ba su aiki, musamman yara 'yan makaranta da waɗanda su ke da ilmi kafin lalurar ta same su. Irin waɗannan a cikin gida su ke, ba a ganinsu a kasuwa, sai an tambaya. Inda akwai Sarkin Guragu ko Sarkin Kutare a nemi taimakonsu, gama sun san mutanensu.

2. Malamin ofis ya rubuta a gaban ko wane suna abin da mutumin ke iya motsawa, da ko yana magana, da ko ya iya karatun boko ko na ajami. Wannan shi ne abin da likita da malamin makaranta za su fara tambaya. Takardar amana ce, ba a nuna wa wanda ba ruwansa.

3. A ko wane ofis a sami malami ɗaya da zai koyi kunna waɗannan dabaru a kwamfuta da waya, ya gwada su da kansa, don ya nuna wa iyalan da suka zo. Gani ya kori ji.

4. In ma'aikacin ofis ya rasa amfanin hannunsa, kada a yi gaggawar sallamarsa. Sanin gunduma da iyakokin gonaki da tsarin wasiƙa suna nan a kansa. A ba shi lokaci ya koyi sabuwar hanya, gama makonnin farko da wuya su ke, aikin kuma a hankali ya ke sauri.

5. A bayyana wa jama'a wanda ya sha maganin kuturta yadda likita ya tsara ba ya yaɗa ta, ko da yatsunsa ba su dawo ba. Babu dalilin hana shi zama a ofis ko a aji.

6. In yaro naƙasasshe zai zauna jarrabawa da kwamfuta, shugaban makarantarsa ya sanar da hukumar jarrabawa tun lokacin rajista, don a san irin tanadin da za a yi masa.

7. Inda a ke bukatar sayen na'ura, Hakimi ya kai maganar gaban Ƙaramar Hukuma da Majalisar Sarki da masu hali na gari, bayan an gwada an tabbata ita ce ta dace da mutumin.

Ana roƙon Hakimai su sa a karanta wannan bayani a taron Dagatai, a kuma ajiye kofe ɗaya a ofis domin mai bukata.